TUKUNYAR 'YAR MAKARANTA: Yadda Za Ki Ƙoshi A Hostal Ba Tare Da Kin Miƙa Wa Kowa Hannu Ba

 A wannan fitowar mun ɗan ɗaga wa uwargida ƙafa, tunda ita tana da kicin ɗinta da maigidan da ke kawo cefane. Yau da ke muke, ƙanwata da ta samu gurbin karatu a jami'a ko kwalejin ilimi ko makarantar koyon aikin jinya, da ke ma da kike ajin ƙarshe na sakandare kina ƙirga kwanaki. Kin ɗinka sababbin kaya, kin sayi jaka da takalmi, an yi miki kitso da lalle, to amma tsaya in tambaye ki: me za ki riƙa ci idan kin je?

Kada ki raina wannan tambaya. Duk wadda ta taɓa leƙa ɗakunan kwanan ɗalibai mata, ko Amina Hall ce a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Nana Hall a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ta Kano, ta san cewa da yamma ƙamshin albasa da mai ke fara tarar mutum tun daga baranda. A can babu Umma, babu Inna, babu mai cewa "ga abincinki can a rufe." Ke ce uwar kanki, ke ce mai cefane, ke ce kuma mai wanke-wanke.

DA CAN BA HAKA ABIN YAKE BA

Iyayenmu da suka yi jami'a a shekarun 1970 ba su san wannan wahala ba. A lokacin akwai kafteriya, gwamnati na tallafa wa abinci, ɗalibi ya miƙa tikiti a zuba masa sau uku a rana. Abincin ɗalibi kuwa babbar magana ce a ƙasar nan, domin a shekarar 1978 da aka ƙara kobo 50 a kan kuɗin abincin yini, daga naira ɗaya da kobo 50 zuwa naira biyu, ɗalibai suka yi zanga-zangar nan da ake kira "Ali Must Go", da sunan Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya a wancan lokacin, har aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. A shekarar 1984 gwamnatin soja ta janye tallafin ciyarwar baki ɗaya. Tun daga nan risho da tukunya suka zama kayan karatu kamar biro da littafi.

Shi kansa makamashin bai bar mu mun huta ba. Yayyenmu na tuna ƙarancin kananzir na shekarun 1990, lokacin da aka koma wa murhun garin katako, wanda har aka raɗa masa suna murhun Abacha. A shekarar 2016 aka cire tallafin kananzir, a watan Mayun 2023 kuma aka cire na fetur, kuɗin mota ya tashi, kayan abinci suka bi bayansa. Don haka 'yar'uwa, abin da iyayenki za su turo miki a wata ba lallai ya kai ki ƙarshen watan ba, sai fa in kin iya tattali.

ABIN DA YUNWA KE JAWOWA

'Yan makaranta suna da wani lissafi da suke yi cikin raha. In ka ji an ce "sifili, ɗaya, sifili", to ba a karya ba, an ci na rana, an kwanta haka. "Ɗaya, sifili, ɗaya" kuwa, an karya, an tsallake rana, sai dare. Ana dariya, amma wallahi abin ba na dariya ba ne. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yarinyar da ta shiga lakcar ƙarfe takwas da ruwan leda kawai a cikinta, kafin azahar allon ma bibbiyu take ganinsa, balle ta gane abin da malami ke faɗa.

Mu mata kuma muna da ƙarin dalili, domin kowane wata jini na fita daga jikinmu, kuma da abinci ake mayar da shi. Idan babu wake da ganye da kifi a cikin abincinki, sai ƙarancin jini ya shigo: jiri, kasala, bugun zuciya, ki hau bene kina haki kamar tsohuwa. Ga kuma gyambon ciki da muke kira olsa. Likitoci sun tabbatar cewa mafi yawansa wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, sai kuma yawan shan magungunan kashe ciwo irin su asfirin da ibuprofen. To ki duba yadda 'yammata ke afa waɗannan ƙwayoyi saboda ciwon mara, alhali tun safe ba su sa komai a ciki ba.

Sai babbar matsalar, wadda ba a cika son faɗa ba. A bakin ƙofar hostal ɗin mata, bayan magariba, ba a rasa motoci a fake. Masu motocin nan sun fi ki sanin ranar da wata ya yi nisa. Ba da maganar banza suke farawa ba, da ledar kaza da lemo suke farawa, sai "ƙanwata ga wannan ki sa kati." 'Yammata da yawa 'yan gidan mutunci, masu tarbiyya, ba son duniya ne ya fara kai su cikin motar ba, kwana biyu suka yi suna shan gari babu ko sukari. Kuma kin san kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yarinyar da tukunyarta ke kan wuta ita ke iya kallon mai mota ta ce "na gode, na ƙoshi," kuma gaskiya ta faɗa. Saboda haka ki ɗauki girkin nan da muhimmanci, katanga ce ga mutuncinki.

GUZURI TUN DAGA GIDA

Rabin tattalin ɗaliba a gida ake yinsa, tun ana saura mako biyu a koma. Abin da za ki saya tsada a shagon cikin makaranta, a gida ko kasuwar garinku da sauƙi za ki same shi, musamman da kaka. In kuna kusa da Kano, babu kamar kasuwar hatsi ta Dawanau wajen awo. Ki zauna da Umma ku haɗa waɗannan:

Wake da shinkafa da garin kwaki da taliya. Garin masara ko dawa na tuwo. Garin ɗanwake haɗaɗɗe. Garin kunu ko busasshiyar gasara, da tsamiya. Ƙuliƙuli, rabi a dake, rabi a barshi dunƙule. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa a robar da ke rufuwa sosai. Yaji mai daɗi wanda ya ji citta da tafarnuwa. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa dakakkiya. Busasshen zogale. Busasshen tumatir da tattasai. Busasshen kifi, a gyara shi a cire ƙaya tun a gida. Man gyaɗa da manja, gishiri da magi da 'yar kanwa.

Ki lura, kusan dukkansu busassu ne, ba ruwansu da firij, ba ruwansu da an kawo wuta ko an ɗauke. Wannan hikimar kakanninmu ce, da ita suka yi fatauci har Gwanja. Kada ki ji kunyar shiga hostal da ƙullin kuka da daddawa don kin ga wata ta zo da katan ɗin indomi da gwangwanaye. Ki ba su mako uku, za ki ga wadda za ta ƙwanƙwasa ƙofar wata.

Kayan aiki kuwa ba su da yawa: tukwane biyu masu murfin da ya zauna daidai, ƙaramin kasko, wuƙa, ludayi, muciya, maburgi, abin goga kayan miya, kular abinci, filas na ruwan zafi, da robobi masu murfi. Sai gwangwanin madara guda ɗaya da babu komai a ciki, shi ne ma'auninki. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to idon mai jin yunwa bai san ƙima ba, kullum sai ya zuba fiye da abin da ciki zai ɗauka. Ki auna tun ranar farko ki san gwangwani nawa ne a cikin kwanon shinkafarki, sannan ki raba da kwanakin wata.

WAKE, NAMAN ƊALIBA

In za ki riƙe abu ɗaya daga wannan fili, ki riƙe wake. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman irin wakenmu a duniya, Jamhuriyar Nijar na bi mata, wato dai abincin ƙasarmu ne. Yana gina jiki kamar yadda nama ke yi, yana taimaka wa jini, yana kuma daɗewa a ciki. Idan aka haɗa shi da hatsi, shinkafa ko masara ko gero, abin da ɗaya ya rasa na gina jiki ɗayan na cike shi. Ashe masu garau-garau sun daɗe da sanin abin da masana suka zo suka tabbatar.

Ƙorafin 'yan makaranta a kan wake shi ne yana shan gas. Maganin wannan guda biyu ne. Na farko, ki tsince shi ki jiƙa tun da dare, da safe ki zubar da ruwan ki ɗauraye. Jiƙaƙƙen wake ya fi saurin nuna nesa ba kusa ba, kuma yana rage kumburin ciki. Na biyu, idan ya tafasa sosai kamar minti 15, ki sauke, ki juye shi da ruwan zafinsa a kula ki rufe gam, ko ki naɗe tukunyar da tsohon bargo mai kauri. Ki tafi lakcarki ta awa biyu. Kafin ki dawo zafin da ke ciki ya yi miki mafi yawan aikin, sai dai ki mayar wuta ya sake tafasa ki ƙarasa. Kanwa na sa wake laushi, gaskiya ne, amma kaɗan ake sawa, domin in ta yi yawa tana kashe wani ɓangare na amfanin abincin, tana kuma ɓata ciki.

Wajen ajiya, ki shanya waken ya bushe ƙayau, ki ɗura a busasshiyar jarka ko gora ta cika har baki, ki toshe yadda iska ba za ta shiga ba. Ƙwarin da ke ciki da kansu za su mutu. Kada ki kuskura ki zuba maganin ƙwari a cikin abincinki, ko da wata ta ce haka ake yi. Saboda irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a shekarar 2015. Idan kin sayo wake kika ji yana warin magani, ki mayar wa mai shi.

GARAU-GARAU

Kayan haɗi: wake gwangwani ɗaya, shinkafa gwangwani biyu, man gyaɗa, albasa, yaji, gishiri.

Ki ɗora jiƙaƙƙen wakenki har ya yi rabin nuna. Ki wanke shinkafa ki zuba a kai, ki sa gishiri, ki tabbatar ruwan ya ɗan haura kan shinkafar kaɗan. Da ya tafasa sai ki rage wuta ki bar murfin a rufe, ki daina buɗewa kina leƙe, duk buɗewa ɗaya asarar gas ce. Idan ruwan ya tsotse ki kashe, ki barshi minti goma ya turara da kansa. Ki soya mai da albasa, ki barbaɗa yaji, in da hali ki yanka tumatir da kabeji a kai. Wannan awon zai ishi mutum biyu har da ragowa.

FATEN WAKE DA DANKALI

Ki dafa wake gwangwani ɗaya ya yi laushi. Ki fere dankalin Hausa guda biyu ki yanka ƙanana ki zuba. Ki goga albasa da attaruhu, ki sa manja ludayi ɗaya, daddawa, magi da ɗan busasshen kifi. Ki barsu su dahu har dankalin ya fara narkewa romon ya yi kauri. A ƙarshe ki watsa alayyahu ko jiƙaƙƙen zogale, minti uku ki sauke. Tukunya ɗaya, wuta ɗaya, wanki ɗaya. In kin ci wannan da rana, har dare ba za ki nemi biskit ba. Wanda ya rage kuma, da safe ki tafasa shi ki ci da burodi ko ki barbaɗa garin kwaki.

ƊANWAKE

Wannan shi ne mai ceton rai ranar da kika dawo a gajiye. Ki sa a niƙo miki wake da busasshen rogo tun a gida, ko ki haɗa garin wake da fulawa. Ki ɗebi gwangwani biyu, ki sa kuka cokali ɗaya, ki kwaɓa da ruwan da kika jiƙa 'yar kanwa a ciki. Kada ya yi ruwa, kada kuma ya yi tauri, ya zama dai yana kama hannu. Idan ruwanki ya tafasa sai ki riƙa tsinka ƙanana kina jefawa. Kada ki rufe tukunyar ruf, kumfa zai taso ya kashe miki wuta. Idan suka taso sama ki ba su kamar minti goma, ki ciro ɗaya ki raba, in cikin babu gari ya nuna. Ki tsame a ruwa mai tsabta, ki zuba mai da yaji da albasa. Ranar da kika samu ƙwai ki dafa ɗaya ki ɗora, sai ki ji kamar kina tsakar gidanku.

MIYAR AJIYA

Ba kullum za ki tsaya jajjage ba. Ranar Asabar ko Lahadi ki jiƙa busasshen tumatir da tattasai a ruwan zafi, ki wanke ƙasar sosai, ki haɗa da albasa da attaruhu ki kai niƙa. Ki dafa ba tare da mai ba har ruwan ya ƙone, sannan ki soya da mai har sai man ya taso sama, ki sa gishiri da magi. Ki zuba a roba mai murfi, man ya rufe samanta. Kullum ki ɗumama ta safe da dare, kuma da busasshen cokali mai tsabta za ki riƙa ɗiba. Ki yi daidai ta kwana uku, da zafi ma kwana biyu. Da cokali biyu na wannan miya za ki yi dafa-dukan shinkafa ko taliya cikin ɗan lokaci, ko ki ƙara mata ruwa da kifi ta zama miyar shinkafa, ko ki fasa ƙwai a ciki ki ci da doya.

TUWO MIYAR KUKA

Wasu na ganin tuwo a hostal ƙauyanci ne. Ki bar su. Babu abincin da ya kai shi sauƙin kuɗi. Ki yi talge da garin masara, ya dahu ki tuƙa, ki barshi ya turara. Miyar kuwa, ruwa kofi biyu, daddawa, albasa, barkono, kifi da ɗan mai, su tafasa sosai har warin daddawar ya kwanta. Ki rage wuta ki riƙa barbaɗa kuka kina kaɗawa da maburgi don kada ta yi gudaji. Ki tuƙa da ɗan yawa, domin ɗumamen safe ya fi shayi da burodi riƙe ciki, bai kuma ci ko kwabo ba.

KWAƊON ZOGALE

Ki dafa busasshen zogale ya yi laushi, ki tsame ki matse. Ki zuba dakakken ƙuliƙuli, gishiri, yaji, albasa, tumatir da ɗan mai, ki cakuɗa. In kina so ya zama abincin yini, ki yayyafa wa garin kwaki ruwa ya yi taushi ki haɗa. In kin matsa lemon tsami a kai ya fi, domin tsamin 'ya'yan itace yana taimaka wa jiki ya amfana da sinadarin ƙarfe da ke cikin ganye da wake. Shayi kuwa akasin haka yake yi, don haka ki ba da tazara tsakanin shan shayi da cin irin wannan abinci.

KARIN KUMALLO

Kada ki fita ba ki karya ba, ko da lakcar ƙarfe bakwai ce. Ki tafasa ruwa tun da dare ki zuba a filas, ki jiƙa tsamiya. Da asuba ki dama garin kunu da ruwan tsamiyar, ki sake tafasa ruwan, wanda ba zai ɗauki lokaci ba tunda da zafinsa, ki sheƙa a kai ki rufe. Ki sha da ƙosai ko awara ko ƙuliƙuli. Ranar da babu gaggawa ki yi kunun gyaɗa: ki dama markaɗaɗɗiyar gyaɗa a ruwa ki tace, ki tafasa, ki zuba damammiyar gasara kina juyawa har ya yi kauri, ki sa ruwan tsamiya kaɗan da sukari.

ITA KUMA INDOMI FA?

Ba mu ce haramun ba ce. Tana da ranarta, kamar daren jarrabawa. Amma ki yi lissafi: kuɗin ƙulli biyun da za ki ci ki sake jin yunwa bayan awa uku, a auna miki wake da shi ki gani. Sannan garin ɗanɗanon da ke cikin ledar gishiri ne ya fi yawa a ciki, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. In za ki dafa, ki sa rabin garin, ki yanka kabeji da karas da albasa, ki fasa ƙwai ko ki sa awara.

RABON KUƊI DA GIRKIN HAƊAKA

Ranar da kuɗi ya shigo ita ce ranar haɗari. Ranar ce ake tuna shawarma da ankon bikin ƙawa. Kafin ki taɓa ko sisi, ki cika gas, ki cike gurbin kayan awo da suka ƙare. Abin da ya rage ki raba huɗu, kowane mako da nasa, kada na makon gobe ya shigo na yau. Cefane kuma ki fita babbar kasuwa sau ɗaya a mako, kamar kasuwar Samaru ga 'yan Zariya, maimakon tsinta-tsinta a shago. Ki sayi abin da ake yayinsa: da sanyi tumatir da kabeji da karas suna araha, da damina kuma ganye ne ko'ina.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In Allah ya haɗa ki da 'yan ɗaki na kirki, ku haɗa tukunya ku biyu ko uku, domin wutar da za ta dafa abincin mutum ɗaya kusan ita ce za ta dafa na mutum uku. Amma ku yi magana a fili tun ranar farko: kowa gwangwani nawa za ta kawo, wa ke girki yau, wa ke wanke-wanke, kuma in baƙuwar wata ta zo daga rabon wa za ta ci. Ku rubuta a takarda ku manna a bango. Ƙawance da yawa a kan cokalin mai ya watse, don kawai an ji kunyar magana da farko. In kuma kin lura wata a ɗakinku kullum cewa take "na ci a waje" alhali leɓenta a bushe, ki zuba mata ba tare da kin tara mata jama'a ba. Ba ki san daga abin da kika tsare ta ba.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Ki fara sanin dokar makarantarku, domin wasu sun hana girki a cikin ɗaki, wasu sun hana hita, sun ware wurin girki. Ki bi doka. Kada ki ɗura kananzir a risho yana ci ko yana da zafi, kuma ki sayi kananzir a wurin da kika amince da shi, don wanda aka gauraya da fetur fashewa yake yi. In kin ji warin gas kada ki ƙyasta ashana, kada ki taɓa makunnin lantarki, ki rufe kan tukunyar gas ɗin ki buɗe tagogi. In mai ya kama da wuta a kasko kada ki watsa ruwa, ki kashe wutar ki kifa masa murfi. Ki cire hijabi ko mayafi mai santsi kafin ki sunkuya kan wuta. Da sanyi kuma, kada ki shigar da gawayi ɗaki ki rufe ƙofa da taga, iskar da yake fitarwa ba ta da wari, a cikin barci take kashe mutum.

Ki rufe abincinki da kyau saboda ɓeraye, su ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashinsu, garin kwaki da aka bari a buɗe kuwa ba dafa shi ake yi ba kafin a sha. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna ki zubar, tana illa ga hanta. Dafaffiyar shinkafa ba ta son kwana a wuri mai zafi, kuma ɗumamawa ba ya kashe gubar da ta riga ta fita a cikinta, don haka ki dafa daidai cikinki. Duk abin da ya canza wari ko ya fara yauƙi, kada tsoron asara ya sa ki ci. Kuɗin asibiti ya fi kuɗin gwangwani ɗaya na shinkafa.

KIRA GA IYAYE

Iyayenmu mata, don Allah a bar yarinya ta shiga kicin tun tana gida, ta tuƙa tuwo ya yi gudaji a gabanki ki gyara mata. Iyayenmu maza kuma, idan an kira waya a tambayi karatu, a kuma tambayi abin da ya rage a jarkar wake. 'Ya mace tana da kunya, sai ta kwana da yunwa ba ta faɗa ba don tana tausayin halin da gida ke ciki. Ke ma ƙanwata, in abu ya ƙare ki gaya wa gida. Gara mahaifinki ya ji, ko da tiya ɗaya ya aiko a motar haya, da a ce wani ne a waje ya fara ji.

Nan za mu dakata. Ki yanke wannan shafi ki sa a cikin akwatinki tare da gwangwanin awonki. Allah ya ba ku ilimi mai amfani, ya tsare mana ku, ya sa ku fito da sakamako mai kyau da mutuncinku. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, inda za mu kawo muku yadda ake awara da alalar gwangwani. Wassalam.